Hannu Biyu a Adashen Barmo

Guangzhou, 14 ga Janairu

Malama Saffana,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da ɗaliban da kike gana wa azaba da lissafi. Ni lafiya ƙalau, sai ɗan tarin sanyin garin nan. Layukan farko na Inna Hindu ne, ki karanta mata da ƙarfi kamar yadda kika saba, tunda yanzu ba ta jin magana a waya sosai.

Inna, ɗanki Abdulgani yana gaishe ki. Ya jiki, ya kumburin ƙafa? Ina nan a siton Baiyun muna ɗaure kayan 'yan kasuwa ana sa wa jirgi. Ki riƙa shan maganin likita ko da ba ki so. In Allah ya yarda bana zan zo.

Daga nan naki ne, kada ki karanta mata.

Saffana, kakarki da kakana ne suka fito ciki ɗaya, amma ke kika zama 'yar da Inna take gani kullum, ni da ta haifa shekara shida ban taka Kano ba. Kin san dalili. Bizata ta mutu tun shekarar da kayana suka salwanta, layin wayata ma ya tafi da ita. Kafin in fita daga China sai na biya tarar yuwan dubu goma a kuɗinsu, kuɗin jirgi kuma dubu shida. Kika ce likita ya ce zuciyarta ce, kada in yi wasa da lokaci. Ban yi wasa ba, hanya na samu, kuma ina so ki duba min ita da wannan kan naki.

Akwai wani Barmo, mutumin Maraɗi, ɗakinmu ɗaya. Shi ya haɗa mu mu ashirin da uku, kowane hannu yuwan ɗari biyu duk mako, ni hannu biyu na shiga, kuma ni ke riƙe takardu. A bakin mutane adashe muke ce masa. Gaskiyarsa kuwa tikitin caca muke saye, irin na kantunan bakin titi masu lasisi. Na san kin ɓata fuska, ki ƙarasa karantawa tukuna. Ana zaɓar jajayen lambobi shida cikin talatin da uku, da shuɗiya ɗaya cikin goma sha shida, tikiti yuwan biyu. Dabarar Barmo ita ce duk jerin jajayen da muka zaɓa, sai mu saye shi da shuɗin nan goma sha shida duka. Kin ga dole ɗaya ta fito. Tun watan Agusta ba a taɓa juya ƙwallayen fitar da lambobin nan ba mu ci wani abu ba, ko sau ɗaya. Mai kantin, wanda muke kira lawban, har miƙewa yake in ya gan mu. Mutum ɗaya ba zai iya wannan ba, amma taron dangi yana iyawa. Yanzu kuɗin tukunya ya taru ya kumbura, makonni ba wanda ya kwashe.

Ki lissafa min wata nawa ya rage. Ki ba da amsa a shagon Alhaji Maidaji a Kwari, yaransa sun san mai tasowa.

Naki,
Abdulgani

Kano, 3 ga Fabrairu

Yaya Abdulgani,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Inna ta sa na karanta mata layukanta sau uku, sannan ta karɓi takardar ta shafa ta, ta tambaye ni me ya sa nata gajere ne alhali takardar doguwa ce. Na ce sauran lissafin kaya ne. Ka sa na fara yi mata ƙarya, kuma ban ji daɗi ba. Kumburin ya kai gwiwa, barci ma a jingine take yi.

Ba zan yi maka wa'azi ba, makarantar allo ɗaya muka yi, ka san hukuncin caca kamar yadda na sani, kuma canza mata suna zuwa adashe bai canza komai ba. Lissafi ka nema, ga shi.

Ka ce kullum kuna ci. Na bincika, shuɗiya kaɗai yuwan biyar take biya. Wato kuna ba lawban talatin da biyu, ya mayar muku da biyar, ku tafi kuna murna. Ni ma da ni ce shi da na miƙe tsaye in na gan ku. Wannan dabara ta shuɗi goma sha shida ɓarnar kuɗi ce kawai. Ƙananan cin nan ba kuskure ba ne, da gangan aka sa su don kada mutum ya gaji ya daina.

Jerin lambobin da za su iya fitowa sun haura miliyan goma sha bakwai. Ku kuna sayen dubu biyu da ɗari huɗu a mako. Duk kuɗin da jama'a suka zuba kuma, kusan rabi ne kawai ake mayarwa a matsayin kyauta. Haɗa kai ba ya gyara wannan. Mutum ɗaya yana asarar rabi, mutum ashirin da uku suna asarar rabi tare, bambancin kawai su suna da abokan hira.

Don kada ka ce na ɓoye maka wani abu, akwai yanayi ɗaya da gungu ke cin riba. Sai cacar ta zama ba ta da rufi, tukunya ta fi kuɗin sayen dukkan lambobin, kuma ba wanda ya raba da su. An taɓa yi a wasu ƙasashe, masu cacar suka gyara dokarsu nan da nan. Taku an gyara ta tun kafin ku zo. Sayen duka zai ci miliyan talatin da biyar, tikiti ɗaya kuma ba ya biyan fiye da miliyan goma komai kumburin tukunya. Wanda ya tsara abin nan ya yi tunanin Barmo tun Barmo bai iya ƙirga yatsunsa ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wannan. Hannu biyu, ɗari huɗu a mako, tun Agusta. Ka zuba kusan dubu goma, Yaya. Tararka ce cif ka kai wa lawban da hannunka. Ka tambaye ni wata nawa ya rage. In ka daina yau ka riƙa ajiyewa, wata goma. In ka ci gaba, babu ranar. Ban sani ba ko Inna tana da wata goma, amma na san ba ta da babu ranar.

Ƙanwarka,
Saffana

Guangzhou, 7 ga Maris

Farfesa Saffana,

Sallama da gaisuwa. Haka ake kiranki a nan yanzu, za ki ji dalili. Ki fara da Inna.

Inna, ki sa a share min ɗakin zaure. Bayan ƙaramar Salla ina hanya, wannan karon da gaske.

Naki. Wasiƙarki ta yi zafi, na kwana biyu ban ci abincin kirki ba. Sai na nuna wa Barmo. Ya karanta a hankali, ya ɗora yatsa a kan inda kika ce an taɓa yi, ya ce ka gani, malamar lissafi ma ta yarda ana yi. Ya ce gyara kika ba mu, shuɗin ne ɓarna. Muka bar shi, muka watsa kuɗin duka a kan jajaye daban-daban. Ranar Talata jajayenmu shida suka fito reras, shuɗiyar ce kawai ta kuɓuce. Kyauta ta biyu, yuwan dubu ɗari biyu da arba'in. In an cire haraji kowane hannu dubu takwas, ni dubu goma sha shida. Tara da kuɗin jirgi, ko yuwan ɗaya bai yi ragowa ba kuma bai gaza ba. Ki faɗa min lissafinki ya san da wannan?

Saura karɓa. Lawban ya duba tikitin ya ce meyo, wato shi ba ya biyan irin wannan, sai babban ofis, kuma sai da fasfo mai rai, cikin kwana sittin. In na je da nawa, daga can sai ɗakin tsaro. Barmo ma haka. Mutum huɗu a cikinmu takardunsu lafiya lau ne, amma ba wanda ya yarda ya je. Ɗaya ya ce surukinsa yana sahun gaba a masallaci. Ɗaya ya ce shi fa adashe ya shiga, bai san da wata caca ba, amma kada a manta da hannunsa. Kowa yana son kuɗin, ba mai son a rubuta sunansa a ofishin caca ga azumi ya zo. Lawban ya ce a ba shi ya karɓo mana, muka ƙi, don tikitin nan ba suna a jikinsa, duk wanda ya riƙe shi ne mai shi.

Na kira Alhaji Maidaji da wayar Barmo, na roƙe shi ya karɓo mana da fasfonsa. Ya yi min faɗa sosai, sannan ya ce saboda Inna zai yi, ba ya son ko kwabo. Amma Umra zai tafi, ba zai taɓa takardar caca da azumi a bakinsa ba, sai tsakiyar Afrilu zai sauka a Guangzhou. Akwai sauran lokaci.

Damuwata ɗaya. Wannan watan garin nan jiƙewa yake. Bango yana zufa, ƙasa tana tsattsafo, takalmina ya yi fumfuna a kwana uku. Tikitin yana cikin ambulan a aljihun ƙirjina, kuma na ga gefensa ya fara laushi. Mako shida zan riƙe shi haka.

Abdulgani

Kano, 21 ga Maris

Yaya,

Barka da shan ruwa. Inna ba ta azumi bana, likita ya hana, ta yi kuka a kan haka. Amma tun da na karanta mata saƙonka ta sa aka share ɗakin zaure, aka wanke labule, kullum sai ta tambaya yau azumi nawa.

Kada a ƙara kirana Farfesa. Na rubuta shafi biyu ina cewa ku daina, kuka tsinci layi ɗaya kuka yi tuta da shi. Lissafina ya san da abin da ya faru. A yawan tikitin da kuke saye, irin wannan cin yakan faɗo sau ɗaya a kusan shekara tara, bayan an zuba fiye da miliyan biyu. Naku ya zo da wuri ne kawai, yadda wani nasa ba zai zo ba har ya mutu. Kuma ka duba, ka zuba dubu goma sha biyu don ka karɓi sha shida, a ranar da kuka fi kowa sa'a.

Halaccin kuɗin, wannan tsakaninka da malamai ne da Ubangijinka. Ni dai na kasa ce maka ka yaga tikitin, Allah ya yafe min, don ina ganin fuskar Inna kullum. Ka karɓa, ka fita daga adashen nan, ka taho.

Batun danshi, ka kula da takardar nan sosai. Ka adana ta yadda Inna ta adana takardar shaidar sakandarenka. Jiya ma ta sa na ciro mata ita daga ƙasan adaka, shekara ashirin ko tabo babu.

Saffana

Guangzhou, 19 ga Afrilu

Saffana,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna? Babu layin da za ki karanta mata a wannan, na ɗauki biro sau uku don in rubuta mata, na kasa.

Wasiƙarki ta same ni ana saura kwana biyar Salla. Na karanta layinki na ƙarshe na ce wallahi Saffana ta fi mu hankali. Na tuna ranar da Inna ta riƙe hannuna har Sabon Gari aka yi wa takardata laminetin, aka rufe ta da roba ta fito tana ƙyalli. Haka muke yi wa duk takarda mai daraja, ta haihuwa, ta fili, ta makaranta. Na gaya wa Barmo, ya ce ai su ma haka suke yi a Maraɗi, in je kawai. Na tafi wani shagon hoto a Liuhua Lu ni kaɗai. Matar shagon ta dubi tikitin ta girgiza kai, tana ta magana tana kaɗa hannu. Na ɗauka tsoron takardar caca take, ko ƙarin kuɗi take so. Na ƙara mata, na nuna injin, na nace. Ta ɗaga kafaɗa ta saka.

Ya fito baƙi ƙirin, Saffana. Daga sama har ƙasa, kamar gindin tukunya. Ashe irin takardar rasidin cirar kuɗi ce, ba tawada a jikinta, zafi ne yake rubutu a kanta. Injin ya rubuce ta gaba ɗaya.

Alhaji Maidaji ya sauka ranar Litinin, ya cika alkawari, ya kai shi ofishin da hoton tikitin da ke wayar Barmo. Suka karɓe shi da mutunci, suka sa a na'ura, suka ce ba ta karanta komai. Hoto ba tikiti ba ne. Ya tambaya ina kuɗin zai tafi, suka ce in kwana sittin ya cika yana komawa asusun jama'a. Ke kika ce wanda ya tsara abin nan ya yi tunanin Barmo. Ashe ya yi tunanina ni ma.

Mutanenmu ba su yarda ba. Sun ce na sayar wa lawban na gaskiyar, na ƙona wani tsoho na kawo musu. Barmo da ya ce in je, yanzu ya ce bai tuna mun yi maganar ba. Wanda ya ce shi adashe ya shiga, shi ya fara shaƙe min wuya. Sun ce ko in kawo dubu takwas-takwas ko su nuna wa 'yan sanda ɗakina. Mai sito ya sallame ni don kada rigima ta shafe shi. Na bar Baiyun, ina wajen wasu masu lodin kwantena a Nansha, ba wanda ya san ni, ba waya.

Ban ce laifinki ba ne. Ni na shiga, ni na nace wa matar nan. Amma ina ta karanta layin nan naki, na kasa dainawa.

Abdulgani

Kano, 9 ga Mayu

Yaya Abdulgani,

Assalamu alaikum. Ban san ko wannan za ta same ka ba. Alhaji Maidaji ya ce zai sa a bi Nansha a tambaya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Inna rasuwa ranar Talata da hantsi, aka kai ta bayan azahar. Ba ta wahala sosai ba. Ina riƙe da hannunta, ta yi kalmar shahada. Allah ya jiƙanta, ya ba ka haƙuri.

Maganar ta iso Kwari tun kafin wasiƙarka, ana cewa ɗan Hindu ya cinye kuɗin mutane a China. Matar ɗaya daga cikin 'yan adashenku ta zo har ƙofar gida, na tare ta a zaure na rufe ƙofar tsakar gida. Inna ba ta ji ba, wannan kam na tsare maka. Da wasiƙarka ta zo ta ga ambulan a hannuna ta ce in karanta mata nata. Na buɗe shafin da kake ba da labarin shagon hoto, na riƙa karanta abin da babu a ciki. Na ce jirgi ne ya cika da 'yan kasuwa, an ɗaga maka zuwa ƙarshen wata. Ta ce to, a bar ɗakin a share. Kowace safiya sai an share.

Ka ce ba laifina ba ne. Ni malamar makaranta ce, na san rasidi yana baƙi in an bar shi a rana, na sha gani a jakata. Na cika maka shafuka da miliyoyi don in nuna na fi Barmo lissafi, abin da zai amfane ka kalma biyar ne, kada ka kai shi zafi, ban rubuta ba. Abin da nake nufi ka sa shi a busasshen wuri ƙarƙashin kaya. Zan rayu da wannan.

Takardar sakandarenka tana wurina. A ƙarƙashin matashinta muka same ta.

Yanzu ba sauran gaggawa, Yaya. Kada ka jefa kanka a wani hali saboda sauri. Ka zauna inda kake, ka yi aiki, ka tara a hankali.

Saffana

Nansha, 12 ga Mayu

Saffana,

Ina gaishe ki da yara. Tun Maris ban ga rubutunki ba, na san ba ki da inda za ki aiko, ba fushi kika yi ba. Wani direba ɗan Damagaram zai kai wasiƙar nan siton Baiyun.

Kwana sittin sun cika tun makon jiya. Na sa baƙin tikitin a cikin fasfona, ban san me ya sa na kasa yar da shi ba.

Na yi lissafi irin naki, ba irin na Barmo ba. In na tsaya tarawa a nan, shekara guda ne ko fiye, kuma kin ce Inna ba ta da wannan. Akwai gajeriyar hanya. Wanda ba shi da kuɗin tara yakan kai kansa wajen 'yan sanda, a tsare shi, sannan a kore shi, a hana shi dawowa shekaru. Waɗanda suka sani sun ce wata ɗaya ne ko biyu, wani ya fi haka, kuma wurin ba daɗi. Alhaji Maidaji ya taɓa cewa in ta kai ga haka zai tsaya min a kuɗin jirgi, ki tuna masa. Shekara shida ina gudun ƙofar nan. Gobe da safe zan shiga da ƙafata. Daga nan ba za ki ji ni ba sai kin gan ni, kada ki damu da shirun. Kasuwancina a ƙasar nan ya ƙare ke nan, amma zan same ta, wannan ya ishe ni.

Daga nan ki karanta wa Inna, da ƙarfi.

Inna, ɗanki Abdulgani ne. Ki yafe min jinkirin Salla, aiki ne ya riƙe ni, yanzu na gama shi gaba ɗaya. Ba tsaraba zan zo da ita ba, ni kaɗai ne da jakata. Ki ci gaba da shan magani, ki ɗora ƙafar a kan matashi in za ki kwanta. Kada ki wahalar da kowa da girki ranar, tuwon dawa da miyar kuka ya ishe ni, a tsakar gida kusa da tabarmarki. Ki ce kada a rufe ɗakin zaure, na kusa.

Abdulgani